Wuƙar Yaya Ummaru a Gaban Alƙalin Jidda

Tun da na dawo daga Jidda ban samu sakat ba. In na fito sallar la'asar 'yan majalisarmu su tare ni, in na je ɗaurin aure a ja ni gefe. Tambayar ba ta canzawa: wai da gaske ne an kusa yanke wa Yaya Ummaru hannu da ƙafa, kuma wai ni na tsaya gaban alƙali na yi ta zuba Larabci har aka sake shi? Na farkon akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Na biyun kuwa ƙarya ce tsagwaronta, don Larabcina bai wuce na salla da na gaisuwa ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin yadda ya faru, kowa ya karanta ya huta, ni ma in huta.

Mu gidan mahauta ne a Funtuwa. Ni kaɗai aka sa boko, na ƙare a tafinta a kotun majistare, a nan na yi aiki har na yi ritaya. Yaya Ummaru, wanda nake bi, shi ya gāji wuƙar mahaifinmu. Shekara goma sha wani abu da suka wuce ya tafi Umra, ya maƙale a can kamar yadda mutanenmu da yawa ke yi, waɗanda ake kira takari. Sana'arsa bai canza ba. In ana suna ko biki a gidajen Jidda sai a kira shi ya yi yanka da fiɗa, abin da ya samu ya aiko wa iyalinsa.

Wata ranar Talata a cikin watan Rajab aka aiko daga shagon maƙwabcinmu, wai ana nemana a waya daga Saudiyya. Mai maganar ya ce sunansa Lawali, mutumin Damagaram ne, ɗakinsa na jikin na Yaya. Ya ce askarawa, wato 'yan sandan can, sun kama Yaya, ana zarginsa da saran wani mai kanti ɗan Yaman da kwashe masa ciniki. Sannan ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, an ce ya amsa laifin."

Na daɗe ina jin wannan kalmar a kotu, na san nauyinta. Na kuma san hukuncin fashi da makami a ƙasar can. Ban gaya wa Hajo, matar Yaya, komai ba sai cewa an tsare shi kuma zan je in gani. Ba ta yi mini wata tambaya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauro kuka da daddawa da yaji a leda ta ce in kai masa.

Hanyar da ta fi sauri ita ce bizar Umra. Wani eja a Kano ya yi ta ja mini rai har watan Sha'aban ya kama kafin ta fito. Ranar tafiya na hau motar Kano da sassafe, muka yi faci a Malumfashi, muka tsaya jiran wani fasinja da ya tafi cin abinci a Gwarzo, na isa filin jirgi ina haki, sai na tarar jirgin ma bai iso ba. A nan na fara ganin 'yan Kano-Jidda, matan nan 'yan kasuwa da suka mayar da hanyar kamar zuwa Kantin Kwari. Kowacce da jakunkuna kamar za ta yi ƙaura. Wata a cikinsu, doguwa mai haƙorin Makka, ta dube ni ta ga jakata ɗaya ce, ta ce, "Alhaji, taimaka ka riƙe mini wannan a naka awon, atamfa ce kawai."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Na yi wa mutane da yawa tafinta a kotu waɗanda laifinsu ke nan, riƙe wa wani jaka."

Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce wa ta kusa da ita, "Ashe da lauya muke tafe." Har muka hau jirgi suna kirana Lauya.

A cikin jirgin na sha wahalar ɗaura harami a wani ɗan banɗaki da ko juyawa mutum ba ya iya yi. Na fito kafaɗa a waje, ga sanyin na'ura kamar a cikin firji. Haka na isa Jidda ina rawar ɗari a ƙasar da ake ba da labarin zafinta.

Wajen duba fasfo ba a yi mini komai ba, illa tsayuwa. A wajen binciken kaya ne na gamu da gamona. Jami'in ya buɗe ledar Hajo, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya yana toshe hanci. Ya ɗebo garin kuka a yatsa, ya ga kore ne, ya kira ɗan'uwansa. Suka yi ta magana suna nuna ni, suka kira na uku. Na yi Turanci, ba su kula ba. Na yi alamar cin tuwo da hannu, abin ya ƙara ɓaci. Ni da na ƙare rayuwata ina tsayawa tsakanin mai tuhuma da wanda ake tuhuma, ran nan na ɗanɗana yadda ake ji in ana maganarka a gabanka da harshen da ba ka sani ba.

Sai ga Hajiya mai haƙorin Makka ta turo kekenta na kaya. Ta tsaya ta zuba musu Larabci kamar ruwa, ta lashi kukar a gabansu, suka yi dariya. Suka jefa daddawar a kwandon shara suka miƙo mini sauran. Da za ta wuce ta ce, "Lauya, a gaida kotu." Ban sake ganinta ba, ko sunanta ban tambaya ba. Allah Ya saka mata.

Aka ɗebe mu a bas zuwa Makka. Na yi Umrata, kuma ba zan ɓoye ba, a ɗawafin nan duk addu'ar da na haddace ta gudu, sunan Yaya kawai nake ambata. Washegari na hau motar haya na koma Jidda, na sauka a Balad, tsohon gari, inda muka yi da Lawali zai jira ni.

Lawali tela ne, siriri, ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya. Hausarsa ta Damagaram ce, ya yayyafa mata Faransanci da Larabci, kowace magana sai ya rufe ta da "halas", wato shi ke nan. Ya karɓi jakata, muka ratsa lungunan Balad da tsofaffin gidajensu masu tagogin katako, ana ta kiran ciniki da harsuna iri-iri. Muna cikin tafiya aka kira azahar. Kafin in ankara duk an ja ƙofofin shaguna, kasuwar ta zama kamar an yi shara. A Funtuwa in an kira salla mai shago ya kan bar wa maƙwabcinsa, su yi karɓa-karɓa. A can ba wannan zancen. Na lura kuma Lawali yana tafe yana waige, in ya hango motar askarawa sai ya sa mu canza lungu. Na ɗauka halin zaman can ne.

Masaukina a unguwar Waziriyya ne, a wani tsohon gida da aka yayyanka da falanki aka yi ɗakuna. 'Yan Nijeriya ne da 'yan Nijar da 'yan Cadi, kowa na jin tarin kowa. Ɗakin Yaya aka buɗe mini. Tabarma ce da katifa, da akwatin ƙarfe, da dutsen wasa wuƙa a bayan ƙofa, sai jallabiyarsa a rataye a ƙusa. Na zauna a bakin katifar.

Abincinsu bai dame ni ba. Da safe Lawali kan sayo wake da aka dama da man zaitun, suna ce masa ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Da rana shinkafa ce da kaza, a faranti ɗaya, ba miya, abin da har na taho ban saba da shi ba. Amma ranar da na ba Zinatu, matar Lawali, kukar nan, ta yi mana tuwo, mutanen gidan suka yi ta leƙowa da kwanoninsu. Tana tuƙi tana goye da jaririnta, ɗan wata biyu ko ƙasa da haka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gaisuwa. Na gamu da wani Balarabe maƙwabci a ƙofar masallaci na tsaya zan tambaye shi gida da iyali da gajiya, kafin in haɗa kalmomin ya shiga motarsa.

Ranar ziyara muka tafi gidan yarin, amma Lawali ya ce zai jira ni a wani shagon shayi can nesa da ƙofa. Na bi layi, aka laluba ni, aka shigar da mu wani dogon ɗaki mai raga biyu a tsakiya. Fursunoni a can, mu a nan, kowa na ɗaga murya. Da ƙyar na gane Yaya. Gemunsa ya yi fari fat, wuyansa ya zama kamar na yaro.

Ya ce, "Idi, kai ne? Wa ya ce ka zo?"

Na ce, "Yaya, bar wannan. Gaya mini abin da ya faru."

Ya ce ran nan ya yi yankan ragon suna ne da hantsi, ya gama fiɗa ana kiran azahar. Ya naɗe wuƙarsa a tsumma ya fito zai je gida ya canza riga, don duk jini ne a gabanta. Yana shan kwana ya tarar da taro a ƙofar wani kanti, an sari mai kantin. Wani ya nuna shi, aka rufa masa. A ofishin askarawa suka yi ta tambayarsa da Larabci. Shi kuwa duk shekarun nan a cikin Hausawa ya yi su, Larabcinsa na ciniki ne. Sai suka fito da wani tsararre, mutumin Sudan, wanda ya ce yana jin Hausa.

"Hausar tasa, Idi, ta 'yan koyo ce. Ya ɗaga wuƙar ya ce, 'Naka?' Na ce tawa ce. Ya ce, 'Kai yanka?' Na ce ni na yanka. Ya ce, 'Kuɗi karɓa?' Na ce na karɓa, ai ladan aikina ne. Suka rubuta, suka kama yatsana suka dangwala. Sai a nan ciki wani Bakano ya gaya mini wai na amsa fashi."

Na ce, "To ragon na wane ne? Mai shi ya zo ya faɗa mana."

Ya kawar da kai. "Mutumin yana da iyali."

"Kai ba ka da su?"

Sai askari ya buga ƙarfe aka ce lokaci ya cika.

A mota muna komawa na yi ta juya maganar. Na tuna jaririn da ke bayan Zinatu, na tuna yadda Lawali ke kauce wa askarawa. Da muka isa gida na ce masa, "Lawali, yaushe aka yi sunan yaron nan?"

Ya zauna a kan kujerar kekensa na ɗinki, ya riƙe kai. Ya ce ragonsa ne, a gidan wani malami a wata unguwa aka yi sunan. Ya ce kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa ya samu iƙama, wato takardar zama, ya rasu bara, 'ya'yansa kuma sun ƙi sa hannu a sabunta. "Malam, in na shiga kotu da matacciyar iƙama, daga can sai tarhil, gidan da ake tara mutane a mayar da su ƙasarsu. Zinatu da yaron fa? Shi ya sa na kira ka a waya. Abin da na iya ke nan."

Ban zage shi ba, ban kuma ce na yafe ba. Tuwonsa nake ci.

Limamin masallacin unguwar ne ya yi mana hanyar wani lauya a unguwar Bagdadiyya, Ustaz Faisal. Baƙar fata ne kamar ni, kakansa ya zo daga Katsina a ƙasa, ta Sudan, amma shi a Jidda aka haife shi. Yana jin Hausa sarai, sai dai in zai mayar sai ya yi ta laluben kalma, in ta ƙi samuwa ya cike da Larabci. Ya sa aka kawo mana gahawa a ɗan ƙaramin kofi. Na shanye na miƙa, aka ƙara, na shanye aka ƙara, sai da ya yi dariya ya nuna mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi.

Na zayyana masa komai, sannan tsohon hali ya motsa, na shiga yi masa lacca. Na ce a wajenmu kafin ɗan sanda ya rubuta jawabin wanda ake zargi dole ya gargaɗe shi cewa ba tilas ne ya yi magana ba. In mutum ya ce matsa masa aka yi, sai a dakatar da shari'ar a yi wata ƙaramar shari'a a kan jawabin kansa. Na ce na sha jin lauyoyinmu suna janyo manyan hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙasashen waje, inda aka rushe hukunci ɗungurungum saboda ba a gaya wa mutum haƙƙinsa ba. Ban gaya masa sau nawa na ga an bi wannan ƙa'ida da gaske ba, shi ma bai tambaya ba.

Ya kira ni da baffa irin na Larabawa, ya ce, "Ya ammi, a nan ba a cewa alƙali wane ya yi hukunci kaza shekara kaza. Shaihi, wato alƙali, yana duba littafin fiƙihu, yana duba mutum. Amma akwai nizami sabo, wato doka, bai daɗe ba. Ya ce wanda aka kama yana da haƙƙi ya samu wakili, ba a tilasta shi ya yi iƙirari, in ba ya jin Larabci a kawo mutarjim, mai fassara. Wasu sun saba da shi, wasu ba su saba ba tukuna." Ya kurɓi gahawa. "Kuma akwai abin da ya girmi nizami. Haddi ba ya tsayawa a kan shubuha. In mutum ya janye iƙirarinsa, ba a yanke shi da shi. Wannan kowane shaihi ya sani. Amma ina son shaida, ya ammi. Janyewa tana hana yanka, ba lalle ta buɗe ƙofa ba."

Ranar zaman farko ni kaɗai na bi shi. Kotun ba ta yi kama da kotu a idona ba, ta fi kama da sakatariya: dogon baranda, ɗakuna a jere, mutane zaune a benci riƙe da fayil. Ba akwatin tsayuwa, ba hular gashi, ba mai buga tebur ya yi shelar shigowar alƙali. Ɗaki ne da babban tebur, alƙalai uku a bayansa saboda girman tuhumar, magatakarda a gefe. Na tsakiyar, wanda shi ke magana, bai kai ni shekaru ba, gemunsa baƙi, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ustaz Faisal ya roƙa aka bar ni na zauna a baya, da sharaɗin kada in buɗe baki.

Aka shigo da Yaya da sarƙa a ƙafa. Ɗan Yaman ɗin ma yana nan, da tabo daga bayan kunnensa zuwa wuya. Sai aka kira tafintan kotu, wani tsoho mazaunin Makka, asalin iyayensa Sakkwatawa. Da ya buɗe baki na ji Hausa irin ta kakanninmu, tsaf, ba gauraye. Na sa kunne irin na ɗan sana'a ina jiran ya yi tuntuɓe. Ban iya auna Larabcinsa ba, amma na ga ba ya gaggawa, kuma in bai gane ba yakan sake tambaya. Hankalina ya ɗan kwanta.

Magatakarda ya karanta iƙirarin, tsohon yana mayarwa da Hausa jimla-jimla: cewa shi Ummaru ya amsa wuƙar tasa ce, da ita ya yanki mai kanti, ya kuma ɗauki kuɗi. Ran nan ne Yaya ya fara jin abin da aka ce ya faɗa, da harshensa.

Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, rago na yanka."

Tsohon ya fassara. Alƙalin ya ɗago kai ya sa a sake tambayarsa. Yaya ya sake faɗa, ya ba da labarin tun daga hantsi har zuwa dangwala yatsa. Alƙalin ya juya ga mai gabatar da ƙara ya yi masa tambayoyi a jere, Ustaz Faisal ya fassara mini daga baya. Wa ya yi tafinta ran nan? Wani tsararre. Ina sunansa? Ba a rubuta ba. Ina yake? An mayar da shi ƙasarsu. An kai rigar da wuƙar an auna jinin? Ba a kai ba, tunda ya amsa. Alƙalin ya zuba masa ido har sai da mutumin ya sunkuyar da kai.

Aka tambayi ɗan Yaman. Ya ce shi tsakaninsa da Allah ta baya aka sare shi yana jan ƙofar kanti zai tafi salla, bai ga fuskar kowa ba. Sannan alƙalin ya tambayi Yaya ko yana da wanda zai shaida inda yake a lokacin.

Yaya ya ce, "Ba ni da kowa sai Allah."

Na ji kamar in tashi in yi magana, na tuna sharaɗi. Aka ba da umarni a auna jinin, aka ɗaga zaman.

Da na koma Waziriyya na ba su labari a tsakar gida, ban ƙara ba ban rage ba, har da amsar Yaya ta ƙarshe. Zinatu ce ta yi magana daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba.

"Mu muka ci naman, shi yana jan sarƙa. In an mayar da mu Damagaram, ai ba lahira ba ce. Yaron nan kuwa ba zan so ya girma a ce masa ga abin da aka yi ran sunansa ba."

Lawali ya ce, "Ke ba ki san tarhil ba."

Ta ce, "Shi ma Baba Ummaru da bai san kurkuku ba."

Ranar zama na biyu na fito na tarar da Lawali a ƙofar gida cikin farar shadda, ya yi aski, ga wani dattijo ɗan Cadi a gefensa, malamin da ya raɗa wa yaron suna. Ya ba Zinatu makullin kekensa ya gaya mata wanda za ta nema in bai dawo ba.

Da aka kira shi a kotu ya miƙa iƙamarsa. Alƙalin ya duba gaba, ya duba baya, ya dube shi. Ya faɗi wata gajeriyar magana, tsohon tafinta ya mayar: "Shaihi ya ce wannan ta mutu, ka je ka gyara ta, amma ba ita ya kira ka ka yi bayani ba. Ya ce gaya masa zancen rago." Lawali ya ja dogon numfashi ya fara. Ya faɗi inda ya sayo ragon, da lokacin da aka kayar da shi a gidan dattijon, da cewa Yaya bai bar gidan ba sai da ladan ya kira azahar. Dattijon ya tabbatar. Sannan magatakarda ya karanta sakamakon awo: jinin dabba ne.

Alƙalan suka haɗa kai suka yi magana a tsakaninsu, ba su daɗe ba. Na tsakiyar ya yi bayani, tsohon yana bi. Ya ce iƙirarin da mutum bai fahimci abin da aka tambaye shi ba, ba iƙirari ba ne, ko da ya dangwala yatsu goma. Ya ce kawo hujja nauyin mai tuhuma ne, kuma jini a rigar mahauci ba hujja ba ce. Ya ce tuhuma ba ta tabbata ba, an kore ta. Daga nan ya dubi Yaya ya yi masa magana kai tsaye, tsohon ya ce, "Ya ce ka yi haƙuri da abin da ya same ka."

Yaya bai gane an gama ba. Ya juyo yana nemana da ido. Na manta da sharaɗi na ce, "Yaya, an wanke ka." Askarin da ke ƙofa ya harare ni, alƙalin ya yi kamar bai ji ba. A baranda ɗan Yaman ya zo ya kama kan Yaya ya sumbata, yana ta magana, ba mu san me yake cewa ba. Lawali kuwa sai da muka yi nisa da kotun ya yarda ba wanda ke bin sa, ya tsaya a gefen titi ya yi ta dariya har da hawaye, yana cewa, "Halas, Malam, halas." Wanda ya yi saran, har na baro ƙasar ban ji an kama shi ba.

Ba a saki Yaya ran nan ba. Sai da hukuncin ya je kotun sama aka tabbatar, mu kuwa muna ta zarya. Azumi ya kama ina can, kwanakin bizata suna ƙarewa, na fara tunanin kada ni ma in zama takari. Na sha ruwa a masallatan Jidda, inda ake shimfiɗa leda doguwa a zuba dabino da miyar alkama da sambusa, ka zauna tsakanin Bahindiye da Bature ba wanda ya tambaye ka daga ina. Da takardar ta sauko, tunda Yaya ba shi da iƙama, aka wuce da shi tarhil. Ustaz Faisal ya ba ni shawara in saya masa tikiti da kaina don kada ya daɗe a can, ya kuma yi ƙoƙari aka sa mu jirgi ɗaya. Shi ne kuma ya karɓi maganar iƙamar Lawali, ya ce zai nema masa wani kafilin.

Mun gama zama a jirgi aka kawo su a wata bas daban, su ne na ƙarshen hawa. Na hango shi yana tafe da silifa da 'yar leda a hannu, ba sarƙa. Na roƙi wanda ke kusa da ni ya koma kujerarsa, ya yarda. Yaya ya zauna, ya ɗaura bel, ya ce, "Idi, ka sha wahala." Kafin jirgin ya tashi ya yi barci, bai farka ba sai a Kano.

Mun isa Funtuwa da la'asar sakaliya. Ban aika cewa muna tafe ba, don ban yarda da komai ba sai na gan mu a ƙofar gida. Muka yi sallama a zaure. Wata yarinya ta fito da tsintsiya a hannu, autar Yaya, wadda ya bari a ciki lokacin da ya tafi. Ta durƙusa ta ce, "Baba Idi, sannu da zuwa." Ta gaida Yaya da ladabi irin na baƙo, sannan ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya ta ce, "In ce wa Inna kai da wa?"

Yaya ya ajiye ledarsa a kan dakali, ya tuɓe silifa, ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Je ki ce mata ta ƙara hannu a tuwo. Baƙon ba komawa zai yi ba."